A Tuna da Haruna Dula: Abin da Na Gani da Idona a Filin Yamai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka, da fatan aiki yana tafiya lafiya.

Ni tsohon mushe ne, shekara 31 na yi ina karantar da yara a lakkol kafin in ajiye alli. Yanzu ina zaune a gida nan Tawa, kuma abin da ya rage mini na hidimar yara shi ne wasan ƙwallo da nake koya wa ƴan unguwarmu kowace Laraba da Asabar da la'asar, a wani fili mai rairayi da tsakuwa da ke bayan gidaje. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata magana da ta faru a fadar matasa ta ƙofar gidana makon da ya wuce. Ana shan shayi ana gardamar masu horar da ƴan wasa, wannan ya ce Guardiola, wancan ya ce Mourinho, wani ya kawo Ancelotti, kowa na zayyana tsarin gwaninsa kamar tare suka yi karatu. Na tambaye su wa ya fara kai Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu Nijar, gasar cin kofin Afirka. Cikin samari tara, biyu ne suka san amsar. Ɗaya ma cewa ya yi ai wani Bature ne. Daren nan ban yi barci da wuri ba. Shi ya sa nake roƙon ku ba ni fili a jaridarku in faɗi abin da na sani game da Haruna Dula, wanda a takardu ake rubuta sunansa Harouna Doula Gabde, da irin dabarar da ya yi amfani da ita, domin ni ganau ne.

Ranar 10 ga Oktoban 2010 ina cikin filin wasa na Janar Seyni Kountché. Na baro Tawa da asubahin jajibirin ranar, ni da ɗan ƙanena, muka bi ta Tsarnawa da Ƙonni da Dogondutsi da Doso, muka kwana wurin wani ɗan uwanmu a Bukoki. Shekarar ba ta daɗi ba ce, duk wanda ya zauna a Adar ya san yadda aka sha da ƙarancin cimaka a 2010, kuma matata ta yi mini magana a kan kuɗin mota, tana da gaskiyarta. Amma Masar ce za ta zo. Masar ɗin da ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010, ƙarƙashin Hassan Shehata, ga Essam El-Hadary a raga. Gaskiya ban je da tunanin za mu ci su ba. Na je ne in ga zakarun Afirka da idona, in samu abin ba jikoki labari.

Mun samu wuri a ɓangaren da babu rumfa, can sama. Rana na dukan ƙeya, amma zaman sama yana da amfani guda: kana ganin filin gaba ɗaya kamar yadda malami ke ganin aji daga gaban allo. Abin da na fara lura da shi, tun kafin a yi nisa, shi ne tazarar da ke tsakanin ƴan bayanmu da ƴan tsakiyarmu. Ba ta da yawa sam. Idan ƙwallo ta koma dama, dukansu su gusa dama tare. Ta koma hagu, su bi ta tare, kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Misirawa sun saba da ƴan gajerun bugu, wannan ya miƙa wa wannan, a lallaɓa a shiga ta tsakiya. Sai suka tarar tsakiyar a cike, babu ƙofa. Aka bar musu gefe su yi ta kewayawa, idan suka ɗago ƙwallo sama kuma dogayen ƴan bayanmu su sa kai su fitar, ko golanmu Kasali Dauda ya fito ya cafke. Idrisa Lawali, kyaftin, yana tsakiya yana nuni da hannu, yana jawo wanda ya yi nisa.

A gaba kuwa an bar Musa Ma'azu. Yaron da ya taso daga AS FAN, ƙungiyar sojojin Nijar, ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, daga can CSKA ta Mosko ta saye shi. Dogo ne, ga ƙarfi, ga gudu irin na dabbar da aka sa wa ƙungiyar sunanta. Duk lokacin da muka ƙwace ƙwallo, ba a tsayawa yi mata ado. Bugu ɗaya, biyu, sai a jefa ta bayan ƴan bayan Masar, Ma'azu ya bi. Sau da yawa ba ta yi ba. Amma kowace jefawa tana tilasta wa manyan mutanen nan su juya su yi gudu da baya a cikin zafin Yamai, kuma kana ganin yadda hakan ke cin su sannu a hankali. Kafin a tafi hutun rabin lokaci ɗaya ta yi, Ma'azu ya zura ta a ragar El-Hadary. Ɗan ƙanena ya rungume wani dattijo Bazabarme da ba mu taɓa gani ba, suna ta tsalle tare. Daga nan har aka busa tashi, abin da Mena ta yi shi ne riƙe abin da ta samu. Aka tashi 1 da 0.

Mu mutanen Adar mun san wannan a kokowa. Ƙaramin ɗan kokowa mai hankali ba ya kai ƙirjinsa ga ƙirjin ƙato. Yakan duƙa, ya kafa ƙafafu, ya hana kamu, ya bar ƙaton ya yi ta ture-ture har numfashinsa ya fara sama, ranar da ya ɗaga ƙafa ɗaya ba bisa ƙa'ida ba sai ka ji filin ya ɗauki kuwwa. Babu mai cewa wannan ɗan kokowa matsoraci ne. Ana cewa ya san kansa, ya san abokin karonsa. To abin da Haruna Dula ya yi ke nan, kuma shi ne abin da nake so matasanmu su gane: mutumin ya dubi abin da Allah ya ba ƙasarsa, ya gina wasansa a kai. Ba mu da ƴan wasa goma sha ɗaya da ke buga wa manyan ƙungiyoyin Turai. Muna da yara masu ƙashi, masu juriyar rana, waɗanda ba sa gajiya da wuri, da gola nagari, da ɗan gaba ɗaya mai gudu. Muna da filin da ke cika ya batse, da zafin da baƙo ba ya iya saba wa da shi cikin kwana biyu. Ya tattara waɗannan ya yi tuwo da garin da ke cikin ƙwaryarsa.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Tafiya tare irin wadda na gani ranar ba ta samuwa cikin kwana huɗu na zaman otal. Dula ya karɓi ƙungiyar a 2009, kuma da yawa daga cikin yaransa a gida suke wasa, ko a maƙwabta irin Coton Sport ta Garwa a Kamaru, inda Kasali yake. Yana ganin su a gasar cikin gida, ya san wanda ke sanyi idan an zage shi da wanda zagi ke ƙara wa wuta, yana yi musu magana da harshen da suka sha a nono. A shekarar 2010 ɗin nan AS FAN ta kai matakin rukuni a kofin ƙalubale na CAF, hukumar ƙwallon Afirka, abin da ya ba yaranta gogewa da manyan ƙungiyoyin nahiya. A shekarar dai Nijar ta ɗauki kofin ƙasashen UEMOA, masu amfani da kuɗin sefa a Yammacin Afirka, a Yamai. Sannan da ƴan wasan gida zalla Mena ta fitar da Najeriya a neman shiga gasar CHAN ta ƴan wasan da ke buga wa ƙungiyoyin ƙasarsu, ta je Sudan a farkon 2011, ta fito daga rukuni, sai a wasan kusa da na kusa da ƙarshe masu masaukin baƙi suka fitar da ita da bugun fenariti. Duk waɗannan wasanni tare suka buga su. Lokacin da za a kara da manya, kowa ya riga ya san inda ɗan uwansa zai tsaya ko da idonsa a rufe.

Haka aka ci Saliyo 3 da 1 a Yamai a watan Maris na 2011. Haka aka ci Afirka ta Kudu 2 da 1 a farkon Satumba, Kofi Ɗan Kowa da Ma'azu suka ci mana. Wasa uku a gida, maki 9.

Ranar ƙarshe, 8 ga Oktoban 2011, ba zan manta da ita ba. Muna nan Tawa mun kewaye rediyo. Masar, wadda ta riga ta fita, ta zuba matasanta a Alƙahira suka ci mu 3 da 0. Cikin waɗanda suka ci har da wani yaro da ba mu san sunansa ba a lokacin, Mohamed Salah, ƙwallonsa ta farko ke nan wa ƙasarsa. Mutane suka fara tashi suna kaɗe riguna. Can a Nelspruit kuma Afirka ta Kudu ta yi canjaras da Saliyo babu ci, ƴan wasanta suna ta rawa a fili, a zatonsu yawan ƙwallaye zai raba gardama. Ashe dokar gasar ta ce idan maki ya zo ɗaya, wasannin da ƙasashen suka yi tsakaninsu ake dubawa. Mu uku kowa na da maki 9, amma a tsakaninmu Nijar na da 6, su biyun kowa na da 5. Na ɗauko takarda na yi lissafin da hannuna a gaban mutane har sau biyu kafin su yarda, sannan rediyo ya tabbatar. Daren nan babura ba su daina hon ba a titunan Tawa sai da dare ya raba. A watan Disamba, a Accra, hukumar CAF ta ba Haruna Dula kambun gwarzon mai horarwa na Afirka na 2011, a dandalin da aka ba Yaya Touré na gwarzon ɗan wasa. Ɗan Nijar, wanda ya koyi aikinsa a filayenmu.

Malam Edita, ba zan ɓoye aibin tsarin ba, don wanda ke son mutum shi ke gaya masa gaskiya. A wasanni uku da muka buga a waje a wannan zagaye ba mu ci ko ƙwallo ɗaya ba: 2 da 0 a Afirka ta Kudu, 1 da 0 a Saliyo, 3 da 0 a Masar. Mun tafi gasar Afirka da ƙwallo 6 da muka ci, an zura mana 8. Dalilin a fili yake ga mai kallo. Tsarin da aka gina a kan haƙuri da jiran kuskuren abokin karawa yana aiki ne muddin ba a riga ka ci ba. Da zarar an zura maka ɗaya, dole ka buɗe ka fita nema, kuma yaranmu ba a koya musu yadda za su riƙe ƙwallo su gina hari tun daga baya ba. Idan suka fito, igiyar nan da ta ɗaure su sai ta tsinke, baya ta zama fili. A waje kuma babu ranar Yamai da za ta taya ka, babu jama'ar da za ta ɗaga ka idan gwiwa ta yi sanyi. Wannan gaskiya ce, kuma na tabbata shi kansa ya fi ni saninta.

Amma mene ne maganin wannan ciwo? A ganina maganinsa shi ne a ba mai horarwa wasannin sada zumunci a ƙasashen waje da yawa, a ba shi lokaci, a tura shi ƙarin karatu, a gyara gasar cikin gida yadda yaro zai taso ya iya tsayar da ƙwallo ya ɗaga kai. Abin da aka yi daban ne. Gab da gasar 2012 aka kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara. Aka je Libreville, Gabon mai masaukin baƙi ta ci mu 2 da 0 a wasan farko, Aubameyang na cikin waɗanda suka ci. Wasa ɗaya tak, wasanmu na farko a tarihi a wannan gasa, a gaban jama'ar masu gida. Bayansa sai ragamar ta koma hannun mai ba da shawara, gwarzon Afirka na wata ɗaya da ya wuce ya koma gefe. Na kalli wasan Tunisiya a talabijin, kuma zan yi adalci: yaran sun yi wasa mai kyau ranar, William N'Gounou ya ci mana ƙwallonmu ta farko a gasar, sai a mintunan ƙarshe Issam Jemaa ya karya mana zuciya, 2 da 1. Maroko ma ta ci mu 1 da 0. Wato sauyin bai kawo maki ko ɗaya ba, kuma bayan ƴan watanni baƙon ya kama gabansa. Abin da ya bari shi ne darasi mai muni ga duk wani ɗan ƙasa da ke sha'awar wannan aiki: ko ka kai mu inda ba mu taɓa zuwa ba, tuntuɓe ɗaya ya isa a karɓe sandar daga hannunka. Na yi aikin koyarwa, na san yadda zuciyar malami ke yi idan ya raini aji tun daga farkon shekara, ana saura mako guda jarrabawa a turo wani a ce shi zai ƙarasa. Na kuma san abin da hakan ke yi wa yaran, don ba su san muryar wa za su bi ba.

Ba ina ƙin baƙo ba ne. Gernot Rohr, wanda shi ne ke riƙe da Gabon ranar da ta ci mu, ya karɓi Mena a Satumban 2012, ya fitar da Gini bayan an ci ta 2 da 0 a Yamai a watan Oktoba, ya kai mu Afirka ta Kudu a 2013. A can muka samu makinmu na farko, canjaras babu ci da Kwango Kinshasa, ranar da Kasali Dauda ya yi ta ture ƙwallaye kamar mai aljanu. Rohr ya yi aikinsa, Allah ya saka masa. Sai dai duk wanda ya duba sunayen zai ga ƙashin bayan ƙungiyar yaran Dula ne, kuma yadda aka ci Gini a Yamai bai bambanta da yadda aka ci Masar ba. Da wannan zubi na ƴan wasa ya tsufa, ba a yi tanadin na bayansa ba. Tun 2013 ba mu sake leƙa gasar Afirka ba, masu horarwa kuwa an kawo daga Faransa, an kawo daga Kodebuwa, an kawo daga Maroko.

Dubi abin da wasu suka yi da nasu. Senegal ta ba Aliou Cissé ƙungiya a 2015. An fitar da shi a 2017, ya sha kashi a wasan ƙarshe a 2019 a hannun Aljeriya, ana ta surutu, amma aka bar shi, sai a Fabrairun 2022 ya kawo musu kofin da ba su taɓa ɗauka ba. Shekara bakwai suka yi haƙuri da shi. Maƙwabtanmu na kudu sun ga yadda marigayi Stephen Keshi ya ɗauko yaran gida ya haɗa da na waje ya ci kofi a 2013, kuma ɗan wasan gida, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta kawo kofin. Mu namu minti 90 muka ba shi.

Abin da ya ƙara mini girmansa shi ne bai yi fushi ya juya wa ƙasa baya ba. Ya koma ya ci gaba da aiki da ƴan wasan gida. A farkon 2023, a gasar CHAN ta Aljeriya, mutumin nan ya sake nuna abin da ya iya, da wasu yara sababbi waɗanda suna ƙanana lokacin da aka ci Masar. Canjaras da Kwango Brazabil babu ci, aka ci Kamaru 1 da 0, aka ci Ghana 2 da 0 a birnin Oran. Wasa uku, ba a zura mana ko ɗaya ba. Na kalli wasan Ghana a gidan kallo tare da yaran da nake horarwa, na riƙa nuna musu allon ina cewa ku dubi layin baya, ku dubi yadda ba sa rabuwa. Tsarin nan ne dai na 2010, ba a canza masa komai ba sai fuskoki. A wasan kusa da ƙarshe Aljeriya ta yi mana 5 da 0, tsohon ciwon ya dawo: an riga mu ci, muka buɗe, aka yi ta shiga. Madagaska ta karɓe na uku da 1 da 0. Duk da haka na huɗu a Afirka matsayi ne da babbar ƙungiyar ƙasarmu ba ta taɓa kai wa ba a wata gasar nahiya, kuma mutum ɗaya ne ya kai mu gasar 2012 ya kuma kai mu nan. Idan abu ya faru sau ɗaya a ce sa'a ce. Sau biyu, tsakaninsu shekara goma sha ɗaya da ƴan wasa daban, wannan sani ne.

Akwai kuma batun fili, wanda ke ci mini tuwo a ƙwarya. Rabin dabarar Dula Yamai ce kanta. A ƴan shekarun nan kuwa wasanninmu na gida a ƙasashen wasu ake buga su, yau Maroko, gobe Togo, saboda filinmu bai cika sharuɗɗan CAF ba. Dubi neman shiga gasar 2025. Badou Zaki, tsohon golan Maroko kuma gwarzon ɗan wasan Afirka na 1986, wanda aka ɗauko a ƙarshen 2023, ya yi abin yabo: a Nuwamban 2024 Mena ta ci Sudan 4 da 0 a Lome, ta bi Ghana har Accra ta ci ta 2 da 1, cin waje irin wanda a da muke mafarkinsa. Amma maki ɗaya ya hana mu tafiya, Sudan na da 8 muna da 7. Wasan da muka yi kunnen doki da Ghana 1 da 1, da wanda Angola ta ci mu 1 da 0, duka namu ne na gida, kuma duka a Maroko aka yi su, gaban kujeru. Ni na zauna a filin Seyni Kountché ranar da ya cika, na ji yadda siminti ke rawa ƙarƙashin ƙafata. Babu wanda zai gamsar da ni cewa da a nan aka buga wasannin nan biyu ba za mu samu makin da ya rage ba.

In dawo kan yarana na bayan gida. Suna zuwa mini da abin da suka gani a gidan kallo, kowa na son ya riƙe ƙwallo ya yi ta yanka, gola ma so yake ya miƙa wa na kusa da shi a ƙasa kamar yadda ake yi a Ingila da Sifen. A filinmu kuwa ƙwallo ba ta tafiya miƙe, tsakuwa ɗaya ta isa ta karkatar da ita zuwa ƙafar abokin karawa. Ba na hana su koyon riƙe ƙwallo, don na faɗa a sama cewa rashinsa ne ya kashe mu a waje, kuma rabin lokacinmu a kansa yake tafiya. Amma kafin nan sai na ɗauko igiyar guga, in sa ƴan baya huɗu su riƙe ta, tsakanin kowane biyu taku takwas, in sa sauran su kawo hari. Wanda ya saki igiya ko ya bari ta ja ƙasa, ya fita ya huta. Da farko suna ƙorafi. Bayan wata biyu sai ka ga ba sa bukatar igiyar, idan ɗaya ya fita tarar mai ƙwallo sauran ukun sun rufe bayansa da kansu. Daga saman filin Yamai na koyo wannan, ranar Masar. A wasan unguwanni na hutun bana mun kara da wata ƙungiya da yaranta suka fi namu girma da ƙwarewa, muka riƙe su har kusan tashi, sannan wani ɗan siririn yaro mai gudu, ɗan mai sayar da itace, ya tsere musu ya ci. Da muka dawo na zaunar da su ƙarƙashin bedi na ba su labarin Ma'azu da El-Hadary tun daga farko.

Roƙona gare ku, Malam Edita, guda biyu ne. Ku tura wakilinku na Yamai ya nemi Malam Haruna Dula ya zauna da shi zama mai tsawo, da Hausa, ba tambayoyin minti biyar na bakin fili ba. A tambaye shi yadda ya shirya wa Masar mako guda kafin wasan, abin da ya gaya wa yaran a ɗakin sauya kaya lokacin hutu, yadda yake zaɓen ɗan baya, da abin da yake ganin ya kamata a koya wa yaro ɗan shekara 12 don kada a sake yi mana irin 5 da 0 ɗin Aljeriya. Ku buga shi kashi-kashi yadda mu da ke horar da yara a Tawa da Ƙonni da Madawa da Illela za mu yanke mu ajiye. Na biyu, ku riƙa tambayar masu ruwa da tsaki a kai a kai inda aka kwana game da filin Seyni Kountché, har ranar da Mena za ta riƙa karɓar baƙinta a gida ba tare da fashi ba. Ɗan ƙanen nan nawa da muka je tare a 2010 yanzu yana da ɗa namiji mai shekara tara, yana cikin masu riƙe igiya ranar Laraba, kuma na yi masa alkawarin idan Allah ya ba ni rai da lafiya ni zan biya masa kuɗin mota zuwa Yamai.

Na gode da haƙurin karanta doguwar wasiƙata. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
Unguwar Bilbis, Tawa, Jamhuriyar Nijar.